Kokawar La'asar a Ƙasar Anka

Mai zuwa Anka daga Gusau sammako ba ya yi masa rana, yammaci kuma ba a ma maganarsa. Direbobin tasha sun fi son sai hantsi ya dubi ludayi, motocin can sun fara isowa, an ji yadda hanya ta kwana, sannan su tayar. Haka muka yi. Muka bi titin Sakkwato, muka wuce Bunguɗu da Maru, a mararrabar Mayanci muka karya hagu. Daga nan hira ta yi sanyi a cikin mota, kowa ya koma kallon daji. Kaka ce, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai. Gonakin bakin titi an gyara su tas, amma da ka ɗaga ido can ciki sai ka hangi filaye da ciyawa ta cinye, ka san bana fartanya ba ta taɓa su ba.

Kokawa ce ta kawo ni. Wani abokina ɗan garin ya daɗe yana cika mini kunne da labarin wani saurayi a danginsu, wai tun bara babu sa'ansa da ya kai bayansa ƙasa. Na ce bari in je in gani da idona, don ban taɓa zama da ɗan kokawa tun yana ɗanye ba, sai dai waɗanda sunansu ya riga ya fita.

Anka gari ne mai tsohuwar sarauta. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a zamanin Sarkin Gobir Babari, cikin ƙarni na 18, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan har ya zauna a nan, shi ya sa har yau sarkin garin Sarkin Zamfara ake ce masa, kuma Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar. Sai dai abin da baƙo zai fara lura da shi yanzu cunkoso ne. Mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin gari gudun 'yan bindiga, wasu a makarantu, wasu a kangwaye, wasu a zaurukan 'yan'uwa. Gidan da na sauka ma haka yake. Mutanen wani ƙauye ne daga kudu, wajen Bagega, suka raɓe a gefen gidan danginsu.

Maigidan dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, ni ma na bi sahu. Ya yi kokawa a zamaninsa, kunnensa na hagu a murɗe yake, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Saurayin ɗan ƙanensa ne, a hannunsa ya tashi. Da ya shigo gaishe ni ya durƙusa, na ɗan yi mamaki, don na zaci zan ga wani gabjeje. Gajere ne, shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, wuya a cike, cinyoyi kamar turmi, tafin ƙafa faffaɗa mai kaushi. Ba ya da yawan magana. Na tambaye shi yaushe ya fara kokawa, ya dubi Baba, ya yi murmushi, ya ce, “Malam, ni dai na tashi na gan ni ciki.”

Gaskiya ya faɗa, don babu wanda ake yi wa rajista. Yaro yana bin awaki, ya haɗu da sa'o'insa a yashin rafi, a kama juna har a gaji. Idan kaka ta yi aka share fage, yara ake fara saki su buɗe wasa, manya na gefe suna dariya, amma suna lura da wanda ba ya kuka idan an buga shi da ƙasa, da wanda ke tashi ya ce a sake. Irin wannan yaro wani babban ɗan kokawa zai jawo jikinsa. Shi zai riƙa ɗaukar masa jaka, ya riƙe masa butar ruwa, ya tsince masa kuɗin da aka liƙa, ya danna masa baya da dare. A nan ake koyon abin da ba a faɗa da baki: yadda ake tsayuwa, yadda ake duban ƙugun abokin karawa a bar idonsa, lokacin da ake numfashi, da wanda ya kamata ka ƙi kamawa ko da an zo har gabanka an miƙo hannu. Saurayin nan ya yi shekaru yana riƙon jakar wani ɗan garinsu, kafin mutumin ya bar kokawa ya tafi cirani Legas.

Akwai kuma rami. A ƙasar Anka da Bukkuyum duk saurayi mai ƙarfi sai ramin zinari ya kira shi. Shi ma ya je, ya yi ta jan guga cike da dutse daga ƙarƙashin ƙasa, ya yi daka, ya yi wanki. Baba ne ya je da kansa ya taso shi. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A 2010 aka gano cewa dutsen da ake kawowa gida ana niƙawa cike yake da dalma, yara sama da 400 suka mutu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka yi ta ɗibar jinin yara suna aunawa, saurayin nan yana cikin waɗanda aka auna, lokacin bai isa shiga makaranta ba. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, amma a tsakanin nan ramuka ba su taɓa zama babu kowa ba. Baba ya ce mini, “Rami shina ba yaro damtse, amma shina cinye mai numhwashi. Ɗan kokawa kau da numhwashi shika kaye.” Yanzu dako yaron yake yi a kasuwa, buhun masara da na waken suya daga mota zuwa rumfa. Atisayensa ke nan, sai gudun asuba a bayan gari, shi ma ba ya yin nisa.

An yi wasa ina garin. Ba bikin kowa ba ne, samarin unguwanni ne suka haɗa kuɗi suka kira makaɗa, aka zuba yashi a wani fili kusa da makaranta. Ana sallame la'asar ganga ta ɗauka. Na tambayi wani da ke kusa da ni me ya sa ake sauri haka, ya ce ai kafin magariba dole kowa ya watse, waɗanda suka zo daga ƙauyukan kusa su samu su koma da sauran haske.

Na samu wuri a bakin da'ira na tsuguna. Yara suka yi nasu aka sha dariya. Can sai makaɗin ya sauya take, na ga saurayinmu ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya tuɓe riga, daga shi sai gajeren wando da ɗamara, ga kambu ɗaya a damtse ya rufe shi da tsumma. Baba ya ce a zamaninsu da walki ake fita, layu da guraye har ba a ganin ƙugu, amma tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, wa'azi kuma ya yi ƙarfi, mai abu ya koma ɓoye abinsa. Yaron ya taka zuwa gaban makaɗa, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya yi kirari da wata murya da ban san yana da ita ba, ya ambaci garinsu da aka tashe su, ya ambaci Baba, ya ambaci wanda ya riƙe wa jaka. Sannan ya zagaya fage, ya tsaya gaban wani dogo daga wata unguwa, ya rusuna ya miƙa masa hannu biyu. Dogon ya dubi mutanensa, ya tashi.

Wanda bai san kokawa ba zai ce ɓata lokaci suke yi a farkon. Kowa ya duƙa, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafi, ana ta taɓa kai, ana doke hannu, ana ja da baya. Amma awo ake yi. Dogon yana son ya kama wuya daga sama ya danne, namu yana son ya shige ƙarƙashi. Sau biyu dogon ya kawo hannu, yaron ya goce. A na ukun ya bar shi ya kama, har mutanen dogon suka fara ihu, ashe abin da yake jira ke nan. Ya cusa kai a haƙarƙarinsa, hannun dama ya zagaye ƙugu, na hagu ya cafki bayan gwiwa, ya ɗaga ƙafar sama ya tura gaba taki biyu. Dogon ya yi ɗingishi da ƙafa ɗaya yana neman inda zai dafa, yaron ya sa ƙafa ya share wadda ta rage. Ƙura ta tashi. Kafin in miƙe tsaye samari sun riga sun ɗauke shi a kafaɗa, shi kuwa sai waiwaye yake yana neman wanda ya kayar, don ya miƙa masa hannu.

Da dare aka zazzage abin da aka samu a kan tabarma. 'Yan naira ɗari da ɗari biyu ne duk sun yamutse, sai ɗari biyar jefi-jefi, da sabulu da wani mai shago ya bayar. Aka fitar da na makaɗi, don in ba ka sallami makaɗi ba gobe takenka ba zai fito ba. Aka ba yaron da ya riƙe buta, aka ajiye wa Baba na goro. Abin da ya rage bai kai abin da yake samu a dakon ranar kasuwa ɗaya ba. Na ce wa Baba ai ko banza suna ya fita. Sai ya girgiza kai.

“Wane suna? Malam, wanda yak kada ɗan unguwarsu bai yi komi ba. Mu da munka yi, in an yanke gero ba mu kwana gida sai an kusa shuka. Yau muna wanga gari, gobe muna wancan, da ƙahwa, da dare, ganga na gaba muna biye. In kun isa sarkin noma shi sauke ku, a yanka akuya, a kai ku hwage da hwarin wata. Can za ka iske wanda bai san ubanka ba, bai jin kunyarka. In ka kada shi, kahin ka dawo gida labari ya riga ka.”

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai, don ta bayyana mini inda matsalar take. Da ma ɗan kokawa hanya ce ke yin sa, da dare, da baƙi. Ukun nan kuwa su ne aka ƙwace wa yammacin Zamfara. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a jihar, aka taƙaita zirga-zirgar babura. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Garin da ke biyan haraji ga 'yan daji kafin ya girbe gonarsa ba zai tara jama'a da ganga cikin dare ba. Ana yawan lissafa abin da rashin tsaro ya ci, gonaki da shanu da makarantu, kuma daidai ne a fara da su. Ni dai na ga wani abu ƙari a gidan nan: saurayi mai baiwa da ya gama da duk wanda ke iya isowa gare shi da ƙafa kafin magariba, ya rasa na gaba.

Wayarsa kuwa cike take da Nijar. Bayan isha samari suka zagaye shi ana kallon kokawar Takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Jihohin ƙasar takwas kowace ta kawo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha, ana nunawa a talabijin, wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa. Yaran Anka sun san Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi har sau shida, sanin da ba su yi wa kwamishinan wasannin jiharsu ba. Saurayinmu yakan tsayar da bidiyo, ya mayar baya, ya nuna mini inda ƙafar Isaka take kafin ya shiga. A can yaro ya san matakalar: daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa zaɓen 'yan goman jiha. A nan, daga fagen unguwa sai ina?

Ba wai babu komai a Nijeriya ba. Ana kokawa a bikin kamun kifi na Argungu. A Maris ɗin 2025 an yi gasar kokawar gargajiya ta ƙasashen ECOWAS a Abuja. Daniel Igali, wanda ya ci wa Kanada zinari a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, da kokawar gargajiya ya fara a ƙauyensu a Bayelsa, kuma ya dawo gida ya raini 'yan kokawa har Blessing Oborududu ta ciyo azurfa a Tokiyo. Amma duk wannan daga Anka labari ne. Babu wanda ke zuwa ya duba yaran nan. Abin da ke kusa da hannu dambe ne, don shi ya samu gida mai ƙofa da tikiti a Kano da Dei-Dei ta Abuja, ya samu masu ɗauka a waya suna watsawa duniya. An sha yi wa yaron tayin ya naɗe hannu ya koma can. Baba ba ya so ko kaɗan. A wurinsa dambe na Rundawa ne, su kuwa manoma ne gaba da baya. Ni ban ga laifin wanda ya koma ba, ciki ba a ba shi haƙuri, sai dai na san jikin yaron nan na kokawa ne, hannunsa gajere ne, a dambe zai sha wuya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa za a yi wasa a Gummi ranar kasuwa, kuma akwai baƙi daga ƙasar Kabi. Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce za a je, amma da shi. Muka shiga mota da hantsi, muka ratsa ƙasar Bukkuyum, muka wuce Nasarawar Burkullu, shingen jami'an tsaro da na 'yan sa-kai ba iyaka. A Ɗaki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, Baba ya nuna kudu da haɓa, ya ce can ne ya sha kaye mafi muni a rayuwarsa, a hannun wani Badakkare da bai kai shi kafaɗa ba. Dakarkari dai an san su da kokawa tun kaka da kakanni.

Gummi ta fi Anka sakewa a ido. Ga fadamar gulbin Zamfara shimfiɗe, shinkafa da albasa da rake, ko da yake har yanzu ana ganin gidajen da ambaliyar 2024 ta rusa. Sarkin garin, Sarkin Mafaran Gummi Lawal Hassan, tsohon babban alƙalin babbar kotun Abuja ne. Kusancin garin da Kabi da Sakkwato shi ke sa baƙi ke faɗowa. Fagen ya fi na Anka girma nesa ba kusa ba, har da alƙalin wasa mai usur, da kujeru na masu kuɗi.

Makaɗan Gummi ba su san taken yaronmu ba, sai da Baba ya je ya raɗa wa babbansu, ya damƙa masa wani abu. Karon farko aka haɗa shi da wani ɗan gari, bai ɓata lokaci ba, shigar nan tasa ta ƙarƙashi ya yi masa. Na biyu sai ga wani Ba'are, mutum mai shekaru talatin da wani abu, siriri, duk jikinsa jijiya, yana tafe kamar bai damu ba. Ya ga karon farko, ya riga ya karanta yaron. Duk lokacin da namu ya duƙa zai shiga, sai ya ja ƙugu baya ya ɗora masa ƙirji a ƙeya, ya bar masa nauyinsa. Sau uku ana haka. Na ga numfashin yaron ya fara fita da ƙarfi, na ga Baba ya cije leɓe. A na huɗu Ba'aren bai ja baya ba, sai ya kauce gefe, ya fizgi wuyan ya bi da shi inda ƙarfinsa ya nufa. Yaron ya tafi da hannu biyu da gwiwa, usur ya tashi.

Bai yi gardama ba, bai ce santsi ne ba. Ya tashi ya kakkaɓe, ya je ya durƙusa gaban mutumin. Shi kuma ya dafa kansa ya ce masa wata magana da ban ji ba. Daga baya na tambaye shi, ya ce cewa ya yi ƙofa ɗaya gare shi, ya nemi ta biyu. Baba kuwa, wanda na zaci zai ɓata rai, har da ƙyalƙyala dariya a wurin mai shayi. Ya ce kuɗin motarsa ba su faɗi banza ba, yau yaro ya ga kokawa.

Muna nan zaune wani Alhaji dillalin albasa ya aiko a kira Baba. Shi ne ubangidan baƙin nan, shi ya ɗauko su. Ya ce yaron ya burge shi, yana son ya bi ayarinsu su zaga garuruwan Kabi har ƙarshen kaka, ci da sha da wurin kwana duk a wuyansa, abin da aka liƙa masa kuma nasa ne. Yaron yana tsaye a baya, kansa a ƙasa, amma yatsun ƙafarsa sai tonon ƙasa suke. Baba bai amsa da wuri ba. Ya tambayi garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi hanyar da za a bi, ya ce ba a tafiya da shi bayan la'asar, ba a haɗa shi da wanda ya fi shi nesa don a tara jama'a, ba a ba shi ƙwaya ko wani abin sha da sunan ƙarin ƙarfi. Alhaji ya ce ya yarda.

“Sannan kuɗin mota na komowa gida,” in ji Baba, “a ba ni su yanzu, in ɗamre mai ga ɗamara. Ran da yag ga abin da bai gamshe shi ba, shi kamo hanya ba sai ya roƙi kowa ba.”

Alhaji ya yi dariya, ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo. Yaron ya karɓi aron wayata, tasa babu kati, ya kira wani abokinsa a kasuwar Anka, ya ce ya riƙe masa wurinsa na dako wajen masu waken suya, kada sarkin 'yan dako ya ba wani kafin ya dawo.